Me ya sa kokwamba ke saurin lalacewa, kuma yaya za a adana ta ko babu wuta?

Kamar yadda muka saba, ga abin da aka faɗa a cikin shirin mun kawo muku a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurara ba, da kuma 'yan'uwanmu masu lalurar ji.

Yau kicin za mu shiga. Na san wani zai ce, to, mai yi mana maganar katin zaɓe da aikin yi ga matasa, yau kuma kokwamba ya koma? Eh, ita na koma. Ku ɗan yi haƙuri da ni, kafin mu rabu za ku ga inda maganar ta haɗu.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. A azumin bara na ce bari in yi dabara, maimakon sayen kayan salak kullum a bakin titi da tsada, in je 'Yankaba in sayo na mako guda gaba ɗaya. Na sayo kokwamba tuli guda, da tumatir, da latas, da ayaba nunanna. Na zuba su duka a baƙar leda ɗaya, na ƙulle bakinta tam, na ajiye a lungun kicin. Ranar farko lafiya lau. A rana ta uku da na buɗe, wallahi sai da na kau da kai. Kokwambar ta yi rawaya, bakinta ya yi laushi yana yauƙi, latas kuwa ba a magana. Fiye da rabi awakin maƙwabta suka ci.

Umma tana zaune tana kallona, sai ta ce, "Yanzu kai da ka yi jami'a, ba ka san ba a haɗa kokwamba da ayaba wuri ɗaya ba?" Na ce, "Umma, a wane aji ake koyar da wannan?" Ta ce, "A ajin da ake sayen abu da kuɗin gumi."

Mako na biyu na ce na gane, firji ne magani. Aka yi sa'a wuta ta zauna kwanaki, na tura kokwambar can ƙuryar firji inda ya fi sanyi. Bayan kwana biyar na ciro ta, jikinta ya yi ramuka ƙanana, wasu wuraren sun yi ruwa-ruwa kamar an dafa. Kafin washegari ta ruɓe. A zafi ta lalace, a sanyi ma ta lalace. Wannan ne ya sa na zauna na yi karatu a kan abin, na kuma tambayi masu sana'ar, kuma abin da na samo shi na kawo muku yau.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe, wanda in mun gane shi sauran duk za su zo da sauƙi, shi ne kokwambar da aka tsinko daga gona ba ta mutu ba. Tana da rai. Tana numfashi, tana shaƙar iskar oksijin, tana ƙona sukarin da ke jikinta, tana fitar da zafi da tururin ruwa. Haka tumatir, haka alayyahu, haka karas. In kuna shakka, ku cusa hannu tsakiyar buhun alayyahu da ya kwana a ɗaure, za ku ji ɗumi. Wannan ɗumin numfashin ganyen ne.

Lokacin da take jikin uwarta, duk abin da ta ƙona saiwa da ganye suna mayar mata. Daga ranar da aka yanke ta kuwa, ta zama matafiyi da guzurinsa. Babu mai ƙara mata ruwa, babu mai ƙara mata abinci. Ranar da guzurin ya ƙare, ranar ta lalace. Saboda haka duk wata dabarar adanawa da za ku ji, manufarta guda ce: a sa ta ci guzurin nan a hankali.

To me ke sa guzurin saurin ƙarewa? Abubuwa huɗu ne.

Na ɗaya, zafi. Masana adana amfanin gona suna da wani ma'auni mai sauƙi: duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, saurin lalacewar kayan lambu yana ninkawa sau biyu, wani lokaci har sau uku. Kokwamba ta fi jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 12. A wannan yanayin, in akwai danshi a iska, takan yi kwana 10 zuwa 14 da kyanta. Yanzu ku yi lissafi da ni. A watan Afrilu zafin Kano yana kai wa digiri 40, na Sakkwato da Maiduguri har ya wuce. Daga 10 zuwa 40 hawa uku ke nan: biyu, huɗu, takwas. Abin da zai yi mako biyu ya koma bai cika kwana biyu ba. Kun ga ashe ba mai kayan ne ya cuce ni ba, lissafin ne ya kama ni.

Amma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da na yi a mako na biyu. Mun ɗauka duk abin da ya fi sanyi ya fi kyau. A'a. Kokwamba asalinta daga ƙasar Indiya take, shukar ƙasar zafi ce, ba ta san jaura ba. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 ya daɗe a kanta, ƙwayoyin jikinta suna lalacewa, shi ne ramukan nan da ruwa-ruwan da na gani. Firjin gida kuwa yawanci a wajen digiri 4 yake aiki. Saboda haka in za ku sa ta a firji, kada ta wuce kwana uku, kuma kada a tura ta ƙurya. A naɗe ta da tsumma mai tsabta ko takardar tishu, a sa a leda ba tare da an ƙulle ba, a ajiye a aljihun ƙasa na kayan lambu ko ta gaba-gaba kusa da ƙofa. Firiza kuwa, mai sa ruwa ƙanƙara, kada ma a soma. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Kuɓewa, yalo, ayaba, dankalin Hausa, doya, da tumatirin da bai gama nuna ba, duk sanyin firji yana yi musu illa.

Na biyu, ƙishirwa. Kusan kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne. Wannan ƙarfin da kake ji in ka matsa ta, da ƙarar da take yi in ka gatsa, ruwa ne ya cika ta. In ta rasa ko da kashi 5 cikin 100 na nauyinta, za ka fara ganin ta yamutse, musamman ta wajen gindi. Shi ya sa ko a hunturu, da babu zafi sosai, kayan lambu suna yaushi da wuri, domin iskar ta bushe, tana zuƙe ruwan duk abin da ta samu, kamar yadda take fasa mana leɓe da dunduniya.

Sai dai a lura da bambanci. Kokwamba tana son iska mai danshi a kewayenta, amma ba ta son ruwa kwance a jikinta. Ruwan da ya kwanta a fata shi ne gidan ƙwayoyin cuta da fumfuna. Wannan ne laifin ledar da aka ƙulle: tururin numfashinta ba shi da hanyar fita, sai ya koma gumi a jikin leda, ya sauko mata. Kuma shi ya sa ba a wanke kayan lambu sannan a adana. In da ƙasa a jiki, a goge da busasshen tsumma. Wanki sai lokacin da za a ci, kuma a lokacin a wanke sosai da ruwa mai tsabta, domin abu ne da ake ci ɗanye, kuma ba mu san da wane ruwa aka yi ban-ruwansa ba.

Na uku, rauni. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar kokwamba ita ce bangonta. Farce ya karce ta, ko ta faɗi ƙasa, ko an danne ta da kaya masu nauyi, ko tsinken kwando ya soke ta, to an buɗe ƙofa. Ta nan ruwa zai riƙa fita, ta nan ƙwayoyin cuta za su shiga, kuma wurin da ya ji ciwo numfashinsa yana ƙaruwa. Yawancin ruɓar da muke gani a rana ta uku, a ranar farko aka jawo ta, lokacin da aka wurga kayan cikin buhu ko aka ɗaure su a bayan babur da roba.

Na huɗu, maƙwabci. Wannan ne abin da Umma ta sani ni ban sani ba. Akwai wata iska da wasu 'ya'yan itatuwa ke fitarwa in suna nuna, sunanta etilin. Ba a ganinta, amma ita ce ke ba da umarnin nuna. Kun san yadda ake sa ɗanyen mangwaro ko ayaba a buhu a rufe don su yi saurin nuna? To iskar nan ake tarawa. Masu fitar da ita da yawa su ne ayaba, mangwaro, gwanda, tuffa, fiya da nunannen tumatir. Ga su alheri ce. Ga kokwamba kuwa masifa ce, domin ita ɗanya ake cinta, nunarta ita ce lalacewarta. Da ta shaƙi etilin sai korenta ya koma rawaya, ta yi laushi. Latas yana yin ɗigo-ɗigon ja, karas yana yin ɗaci, kabeji da alayyahu suna yin rawaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dokar mai sauƙi ce: masu nuna gefe guda, korayen kaya gefe guda.

Yauwa. Yanzu ga tambayar da na san tana ran kowa. Kokwamba tana son sanyi amma ba na firji ba, tana son danshi amma ba jiƙa ba. Mu kuma ga zafi, ga wutar da in ta zo yau ba a san ranar dawowarta ba. Ina za mu samo irin wannan wuri?

Amsar tana tsakar gidan kakanninmu. Wa ya taɓa shan ruwan randa da tsakar rana a bazara? Me ya sa yake da sanyi alhali ba a haɗa randar da komai ba? Saboda jikin tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan zuwa waje, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Irin abin da gumi ke yi wa jikinmu ke nan.

Wani malami ɗan Arewa, marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, ya fito ne daga gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya ɗauki wannan tsohon ilimi ya yi masa tsari: tukunya a cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ya sa aka gina dubbai da kuɗin aljihunsa ya raba a ƙauyukan Jigawa. A gwajin da ya yi, yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku, alayyahun da ba ya wuce yini ɗaya ya yi kwana 12. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex da kyautar dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa abin cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Dabarar ta tsallaka har Sudan, inda ake kiranta zir, ana amfani da ita a yankin Darfur.

Akwai wani abu a labarinsa da ya fi taɓa ni. Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa a ɗora wa yarinya tire ta fita talla kullum shi ne kayan ba za su kwana ba, dole a rabu da su yau ko a yi asara. Da iyaye suka samu wurin da kayan za su yi kwanaki, matsin nan ya ragu, wasu 'yan mata suka samu damar zuwa makaranta. Kun ga inda maganar kokwamba ta haɗu da maganar da muka saba yi.

Abin kunya shi ne, ni da na girma a Kano, nan kusa da Dutse, ban taɓa jin sunan mutumin nan a aji ba, sai da kokwamba ta ruɓe mini.

To yaya ake haɗa ta? Ku saurara da kyau, ko ku ajiye wannan rubutun.

A nemo tukwanen ƙasa biyu masu faɗin baki, babba da ƙarama, yadda in an sa ƙaramar a cikin babbar za a samu tazarar kamar yatsu biyu zuwa uku ko'ina a kewaye. Ta wajen dole ta zama ta ƙasa zalla, wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba, domin in an toshe ƙofofin jikinta aikin ya tashi. In akwai huji a gindi a toshe shi.

A samo yashin rafi, a tankaɗe, a wanke shi ya rabu da laka da ƙura, don laka tana toshe jikin tukunya. A zuba a gindin babbar har sai in an ɗora ƙaramar bakunansu sun yi daidai. Sai a cika tazarar da yashi har kusa da baki. A zuba ruwa a kan yashin a hankali har ya sha ya ƙoshi, amma kada ya yi yawan da ƙaramar za ta taso. A tabbata cikin ƙaramar a bushe yake. A rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma mai kauri ko buhun algarara da aka jiƙa aka matse.

Wurin ajiyewa yana da muhimmanci ƙwarai. Inuwa ake so, kuma inda iska ke wucewa: ƙarƙashin bishiya, ko rumfa, ko zaure. In ka kulle ta a ɗakin da iska ba ta shiga, ba za ta yi sanyi ba. In an ɗora ta a kan duwatsu uku yadda iska za ta bi ta ƙasa, ya fi. A bar ta ta yi wasu awanni ta ɗauki sanyi kafin a zuba kaya. Daga nan aikin da ya rage shi ne ƙara wa yashin ruwa safe da yamma, da jiƙa murfin in ya bushe. Lokaci-lokaci a kwashe kayan a goge cikin tukunyar.

In iska a bushe take, cikin tukunyar yakan yi ƙasa da zafin tsakar rana da kusan digiri 10, ga kuma danshin da kayan ke so. Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa muku iyakarta. Da bazara da hunturu take aiki sosai. Da damina, musamman a watan Agusta da iska ta cika da laima, ruwa ba ya bushewa da sauri, saboda haka sanyin yana raguwa. Sannan ba firji ba ce. Ba a ajiye nama ko kifi ko madara ko dafaffen abinci a ciki, sanyinta bai kai ya hana ƙwayoyin cutar da ke cikin irin waɗannan yaɗuwa ba. Kuma dokar maƙwabci tana nan: in za ka sa kokwamba da ganye, to tumatir nunanne a yi masa tasa tukunyar.

Wanda ba shi da halin tukwane biyu fa? Ya samu kwando, ya shimfiɗa kayan ba tare da ya danne su ba, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ajiye a inuwa mai iska. Ko ku duba masu kayan miya a kasuwa, yadda suke rufe latas da jiƙaƙƙen buhu suna yayyafa ruwa. Ilimin ɗaya ne.

Bari in bi sauran kayan ɗaya bayan ɗaya a taƙaice, don kowanne da halinsa.

Tumatir: a ware shi kashi-kashi, nunanne daban, mai shirin nuna daban, a fara cin nunannen. A shimfiɗa shi a faifai ko tire a inuwa, kada a tara shi a roba mai zurfi. A kifa shi ta wajen da aka tsinke shi, domin ta nan ya fi zubar da ruwa. Kullum a duba, wanda ya fashe a cire shi nan take, wake ɗaya ke ɓata gari.

Attaruhu da tattasai: kada a cire musu hanci, kada a wanke, kada a ƙulle a leda.

Alayyahu, latas, zogale da sauran ganye: su ne suka fi kowa gajeren kwana. A kwance ɗaurin, a tsince ruɓaɓɓu da masu rawaya, a naɗe a tsumma mai ɗan danshi. Latas da kabeji da karas, su kam suna son firji, in akwai wuta a sa su.

Karas: a yanke ganyen kansa da zarar an kawo shi gida, domin ganyen yana ci gaba da zuƙar ruwan jikinsa.

Kuɓewa: ruwa abokin gabarta ne, da ya taɓa ta sai ta yi baƙi ta yi yauƙi. A bar ta a bushe, a yi amfani da ita cikin kwana biyu ko uku, in ta yi yawa a yanka a shanya.

Albasa da tafarnuwa: su akasin kokwamba ne. Bushewa suke so da iska. Kada a sa su a tukunyar yashi, kada a sa su a leda. Manoman albasa na Aliero a jihar Kebbi da na Galmi a Nijar sun daɗe suna adana ta watanni a rudu, wanda aka ɗaga daga ƙasa iska na ratsa shi. A gida, kwando mai huji a inuwa ya wadatar, kuma a nisanta ta da dankalin Turawa.

In kuma an riga an yanka kokwamba ko an haɗa salak, to lissafi ya canza. Bangon ya rushe gaba ɗaya. In babu firji, kada ya wuce awa biyu a ajiye, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya, balle in an sa bama ko ƙwai. Masu haɗa salak tun azahar don buɗa-baki, a kula. Gara a wanke kayan a ajiye, a yanka dab da magariba. In rabin kokwamba ya rage, a rufe wurin yankan, a sa a firji, a cinye washegari.

Adanawa kuma tun daga wurin saye take farawa. Na tambayi wani dattijo mai kayan gwari a unguwarmu, na ce, "Baba, yaya ake gane wadda za ta yi kwana?" Ya ɗauki ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, matsa bakinta da gindinta. In ka ji tauri ko'ina, kuma koriya ce shar babu rawaya, ɗauki. In ta fara laushi a baki, ko kyauta aka ba ka, ta yau ce." Ya ƙara da cewa in zo da safe, kafin rana ta dake ta. Kuma kada araha ta ruɗe ka ka sayi abin da ya fi ƙarfin gidanka. Ni dai na koya.

Yanzu mu ɗaga kai daga kicin mu dubi gona. Abin da ya same ni a leda ɗaya, shi ke samun manomi a mota guda. A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, yana salwanta. A ƙasashe masu arziki yawanci a kanti da gida ake zubarwa. A irin namu ƙasashen kuwa, tun tsakanin gona da kasuwa ake yin asarar.

Ku dubi tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Kwando a kan kwando, na ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama, ga tsinken kwando yana suka, ga rana, ga ɗumin numfashin tumatirin kansa. Zafi, rauni, etilin, duk sun haɗu a mota ɗaya. Kwandon roba mai huji, wanda ake jerawa gefe ya hau kan gefe ba tare da an danne kayan ba, yana rage wannan ɓarnar sosai. Manomi kuma in ya tsinki kayansa da sassafe, ya yanke kokwamba da wuƙa maimakon fizga, ya kai ta inuwa nan da nan, ya riga ya ƙara mata kwana tun ba ta bar gona ba. Babu ko sisi a cikin wannan.

Ga 'yan'uwana matasa da kullum muke cewa babu aiki: akwai magina tukwane a garuruwanmu da robobi suka kashe musu kasuwa. Akwai mata masu sayar da kayan miya a cikin gida da kullum suke zubar da ribarsu a bola. Wanda zai haɗa waɗannan biyun, ya sa a gina tukwanen daidai awo, ya kai gida-gida ya nuna yadda ake amfani da su, ya samu sana'a. Masu karatun injiniya kuma, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana sun fara shiga wasu kasuwanninmu, kamar na kamfanin ColdHubs, inda ɗan kasuwa ke biyan kuɗin kwanan kayansa. Kasuwannin da ba su da shi sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Aikin gida na wannan makon: ka sayi kokwamba uku iri ɗaya. Ɗaya ka sa a leda da ayaba ka ƙulle. Ɗaya ka bar ta a fili. Ɗaya ka naɗe a tsumma mai danshi ka ajiye a gindin randa, ko a tukunyar yashi in ka haɗa. Bayan kwana huɗu ka duba, ka nuna wa yaran gidan, ka bar su su faɗi dalili da kansu. Ni tawa tukunyar tana nan a zaure, Umma ce ma ta karɓe ragamar ba ta ruwa, ta ce ba ta yarda da ni ba.

A nan za mu dakata. Allah Ya sa albarka a abin da muke nomawa da abin da muke saye, Ya kare mu daga almubazzaranci. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.